Yadda Ake Sauraron Faifan Yusef Lateef na 1964 da Kunnen Basakkwace

A watan Disamba na 1963 wasu makaɗa biyar suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke garin Englewood Cliffs a jihar New Jersey ta Amurka, suka ɗauki kiɗa guda goma, kamfanin Impulse! kuma ya fitar da su a faifai ɗaya a 1964 da sunan Jazz 'Round the World. Jagoran tawagar shi ne Yusef Lateef, wanda aka haifa a Chattanooga a 1920, ya tashi a Detroit, ya karɓi Musulunci wajajen 1950, ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93. Abin da ya yi a wannan faifai shi ne ya ɗebo karin waƙoƙin da jama'a suka gada a Faransa da Rasha da Ingila da Japan, da wata waƙar reno ta Yahudawan gabashin Turai, da kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka, ya zuba su duka a tukunyar jaz. Babu mawaƙi a cikin tawagar, busa ce da kiɗa daga farko har ƙarshe.

Mutumin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, sarewar Fulani kuwa tana cikin abubuwan da ya fi mai da hankali a kansu. Wanda ya bar ƙasarsa yana da shekara sittin da ɗoriya domin ya zauna gaban masu busarmu ya koya, ya cancanci mu ma mu zauna mu saurari abin da ya bari da natsuwa.

Na sha jin mutanenmu suna cewa jaz hayaniya ce marar kai marar gindi, ni kuwa ina ganin abin da ya faru shi ne ba a nuna musu ƙofar shiga ba. Wanda ya tashi a Sakkwato yana jin kotson Narambaɗa da taushin Jankiɗi ya riga ya san cewa waƙa tana da gindi, ya san jagora yakan bar gindin ya tafi yawo cikin ɗiyan waƙa, 'yan amshi kuma su dawo da shi gida. Ya kuma san take, domin da an buga taken wani basarake a ƙofar fada kowa ya gane da wa ake kafin a ambaci suna. Ginin jaz na wancan zamani bai yi nisa da wannan ba: a buɗe da take, kowane makaɗi ya yi nasa yawon a kansa, sannan a rufe da taken. Wannan faifai ya fi sauran sauƙin shiga saboda takensa waƙoƙi ne da aka yi domin uwaye da yara da leburori su rera, ba domin masana ba. Duk jagorar da zan bayar a nan a kan abu ɗaya take tafiya, wato ka riƙe taken a kanka kafin ka ɗora allura a kan faifan.

Samun faifan

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta waya, inda za ka rubuta sunan makaɗin da na faifan kamar yadda na rubuta su a sama a YouTube ko wata manhajar sauraron kiɗa. Idan ta nan za ka bi, kada ka dogara da ƙaramar lasifikar waya, domin ba ta fitar da sautin bas, wato babban gogen tsaye mai kaurin murya, shi kuwa bas shi ne sandar da za ka dogara da ita wajen ƙirga. Ka nemi abin sawa a kunne mai kyau ko lasifika mai ɗan girma.

Ta biyu ita ce ta mallakar faifan kansa, baƙi mai faɗin inci 12 wanda ke juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. Mai ɗan'uwa a Turai ko Amurka zai iya aika shi shagunan tsofaffin fayafayi, ko a duba kasuwar Discogs a intanet. Lambar faifan a jerin Impulse! ita ce A-56 ga mai sauti ɗaya, AS-56 ga mai sauti biyu na hagu da dama. Bugun farko yana da kwali mai buɗewa kamar littafi, gefensa ruwan lemo da baƙi, wanda shi ne tambarin kamfanin a lokacin, kuma a filin da ke tsakanin kiɗan ƙarshe da takardar tsakiya akan ga sunan Van Gelder a hatimce cikin roba. Masu sayarwa suna auna lafiyar faifai da haruffa: NM na nufin kamar sabo, VG+ na nufin an yi amfani da shi amma da kula, VG na nufin za ka ji ƙaras-ƙaras a wuraren da kiɗa ya yi sanyi. Shawarata ita ce kada ka sauka ƙasa da VG+ a wannan faifai, domin akwai wuraren da busa ke tafiya a hankali, ƙarar tabo kuwa tana cinye su. Bugun baya mai lafiya ya fi bugun farko mai tabo amfani ga wanda sauraro ya kawo shi.

Idan an aiko maka, ka roƙi mai aikowa ya fitar da faifan daga kwalinsa ya jera su gefe da gefe cikin kunshin, saboda girgizar hanya takan sa bakin faifai ya tsaga kwalin daga ciki.

Na'ura, wuta, zafi da ƙura

A nan ne Sakkwato take da nata sharuɗɗan, kuma a nan ne aka fi yin asara.

Abu na farko, kada ka kusanci wannan faifai da garmahon kakanni mai hannun juyawa da allurar ƙarfe. An yi wancan ne domin fayafayin da ke juyawa sau 78 a minti, masu kauri da faɗin layi, shi kuwa irin wannan faifai na roba wanda kamfanin Columbia ya fara fitarwa a 1948 layinsa siriri ne ƙwarai. Allurar ƙarfe za ta nome layin a juyi ɗaya, ba kuma gyara bayan haka. Na'urar da ake buƙata ita ce mai lantarki da allurar daimon, wadda nauyinta a kan faifai yakan tsaya tsakanin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, gwargwadon abin da maƙerin kan allurar ya rubuta. Na ga masu ɗora tsabar kuɗi a kan hannun na'ura domin allura ta daina tsalle, wannan kuwa yana kashe faifai da allurar gaba ɗaya. Idan allura tana tsalle, a duba ko teburin ya karkata, ko allurar ta ƙare, ko datti ya taru a layi. Sautin da ke fitowa daga allura kuma ƙanƙane ne, sai an bi da shi ta ramin amfilifaya da aka rubuta wa Phono, ko ta wani ɗan akwatin ƙara ƙarfi da aka yi domin haka. Idan ka ji kiɗan can ƙasa-ƙasa, siriri, babu nauyi, to wannan mataki ne aka tsallake. Idan kuma ka ji gunji kamar na ƙudan zuma, ka nemi siririyar wayar da ke fitowa daga bayan na'urar ka ɗaure ta a ƙusar da aka tanada a bayan amfilifaya.

Abu na biyu shi ne wuta, kuma mutane kaɗan ne suke lura da shi. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce mai kaɗawa sau 60. Taransifoma tana gyara bolt, amma ba ta taɓa kaɗawar. Akwai tsofaffin na'urori da injinsu ke ɗaukar saurinsa daga kaɗawar wuta, saboda haka idan an kawo irinsu daga Amurka aka jona a nan, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi sai ya koma kusan 28. Kiɗan zai yi nauyi ya yi ja, busar ta sauka ƙasa, mai sauraro ya zargi makaɗa da laifin da ba nasu ba. Mafita ita ce a nemi na'urar da aka yi wa Ingila ko Turai, inda wutarsu ta yi daidai da tamu, ko wadda ke daidaita saurinta da kanta. Wannan dalili ne kuma ya sa ƙaramin janareta ba abokin faifai ba ne, domin duk lokacin da firji ya tashi saurin injin yakan sauya, sai ka ji fiyano yana lilo. Inbata mai kyau da batirin sola sun fi, ga kuma shirun da suke bayarwa.

Abu na uku shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a garin nan yana haura 40, cikin mota a rufe kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Na taɓa barin wani faifai da nake ji da shi a kujerar bayan mota daga azahar zuwa la'asar a watan Afrilu, na dawo na tarar ya lanƙwashe gefe guda, har yau kuma bai sake kiɗa daidai ba, abin yana ci mini rai duk lokacin da na ga kwalinsa. Faifai a tsaye ake ajiye shi kamar littafi a kanta, ba a kwance wani kan wani ba, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma. Ɗakin ƙasa na gargajiya mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano marar silin dacewa da shi.

Na huɗu ita ce ƙurar hunturu, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ke shiga ko'ina, busasshiyar iskar lokacin kuma tana sa roba ta riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu. Ka riƙe faifai ta bakinsa da takardar tsakiya kawai, kada yatsa ya taɓa layi. Kafin kowane sauraro ka share shi da buroshi mai laushi da aka yi domin fayafayi, kana bin layin a zagaye. Idan ya yi datti sosai, ka jiƙa ƙyalle mai laushi marar gashi da tataccen ruwa ka goge a zagaye, ka kiyaye takardar tsakiya, ka jingine shi a inuwa har ya bushe sarai. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a cikin layi. Masu sayen tataccen ruwa wurin masu batir su tabbatar zallan ruwa ne aka ba su, domin wanda aka gauraya da asid zai lalata faifan. Allurar kanta ana share ta daga baya zuwa gaba da ɗan ƙaramin buroshi, ba da yatsa ba.

Ka koyi taken tukuna

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci, kuma yana iya ɗaukar mako guda. Kafin ka saurari faifan ko sau ɗaya, ka nemi asalin waƙoƙin da aka gina shi a kansu, yadda masu su suke rera su, ka maimaita kowace har ka iya yin ta da fito ko a maƙogwaro ba tare da an kunna ba.

Ka fara da mafi sauƙi. Kiɗan da aka sa wa suna Yusef's French Brother an ɗauko shi daga Frère Jacques, waƙar yaran Faransa da ake tada wani mai barci domin ya kaɗa ƙararrawar safe. Duk wanda ya yi ajin Faransanci a sakandare, ko yake da dangi a Birnin Ƙonni da Maraɗi waɗanda suka yi boko a can, ya taɓa jin ta. Jimla huɗu ce gajeru, kowace ana maimaita ta sau biyu, kuma ana rera ta bi da bi, wani ya fara, wani ya shigo a bayansa da farkon waƙar alhali na farko ya yi gaba. Tunda karin nata ba ya ɓacewa a kai, ita ce za ta fara nuna maka yadda makaɗin jaz ke lanƙwasa abin da ka sani.

Daga nan sai The Volga Rhythm Song, wadda tushenta waƙar majayan jiragen ruwa ce a kogin Bolga na Rasha, kogi mafi tsawo a Turai. Kafin zuwan jirage masu inji, mutane ne ke ɗaura igiya a ƙirji suna tafiya a bakin gaɓa suna jan kwale-kwalen kaya su haura ruwa, waƙar kuma ita ce ke haɗa musu ƙafa domin su ja a lokaci ɗaya. Mawaƙin Rasha Balakirev ya rubuta karinta ya buga a 1866. Wanda ya taɓa tsayawa a gona ranar gayya ya ga yadda gangar noma ke sa garemani su sauka tare, ko ya ji mata suna luguden daka, ba ya buƙatar a yi masa bayanin irin wannan waƙa. Ka lura da nauyin da ke faɗowa a wuri ɗaya kowane zagaye, domin nan ne ake ja.

Raisins and Almonds waƙar reno ce da harshen Yidish na Yahudawan gabashin Turai, wadda Abraham Goldfaden ya shigar cikin wani wasan kwaikwayonsa a 1880 ta bazu daga nan. Uwa ce ke rarrashin ɗanta tana ba shi labarin wata farar akuya a ƙarƙashin shimfiɗarsa da ta tafi fataucin busasshen inabi da almon. Karin yana da sanyi da ɗan baƙin ciki, irin wanda ake ji a muryar mai goyo da dare ya yi mata nisa. A ganina ita ce zuciyar faifan, kuma ita ce na fi so mai karatu ya ba lokaci.

Ta Ingila, wadda a kwalin aka rubuta The Good Old Roast Beef of England, tsohuwar waƙar yabon gasasshen naman sa ce da ta samo asali daga wani wasan kwaikwayo na Henry Fielding a 1731, har sojojin ruwan Ingila suka mayar da karinta taken zama cin abincin hafsoshi. Ba ta da zurfin sauran, sau biyu ko uku ya isa.

Ringo Oiwake kuwa ta Japan ce, Hibari Misora ta rera ta a 1952. Ringo na nufin tuffa, oiwake kuma wani salon waƙar gargajiya ne da ake dangantawa da masu jan dawakin kaya a kan hanya, mai jan murya da tsawo kamar na makiyayi a daji. Karin gargajiyar Japan yakan tsaya a kan sauti biyar, haka ma da yawa daga cikin namu, haka kuma ƙashin bayan bulus, shi ya sa Bahaushe kan ji ta kamar ya taɓa saninta.

Za ka lura cewa wasu daga cikin waɗannan an san waɗanda suka yi su, saboda haka mai tsananta ma'ana zai iya cewa ba na gargajiya ba ne tsantsa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Waƙoƙin Ɗan Anace ma an san mai su, amma sun shiga bakin jama'a har yaron da bai taɓa ganin fagen dambe ba yana rera su, wannan shiga bakin jama'a kuwa ita ce ta tara waɗannan kare-kare a faifai ɗaya.

Zaman sauraro

Ka zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bayan sallar isha'i ya fi, ka rage sauti yadda ba zai shiga haƙƙin maƙwabta ba. Kiɗan gajeru ne, kowane gefe na faifan ba ya cin lokaci mai yawa, saboda haka gefe ɗaya a zama ɗaya ya wadatar a farko. Ka ajiye waya a wani ɗaki idan ba da ita kake sauraro ba.

A ji na farko kada ka yi ƙoƙarin fahimtar komai, abu ɗaya kawai za ka nema: ina taken ya fara, ina ya ɓace, ina ya dawo. Ka ɗaga yatsa idan ka ji shi, ka sauke idan ya tafi. Wani lokaci zai zo a fili, wani lokaci an sauya masa tafiya, an gaggauta inda masu shi ke ja, ko an jinkirta wani sauti har ya faɗo bayan inda kake jiransa. Wannan jinkiri da gangan ne, kuma daɗin yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da kanka ke rerawa da abin da kunnenka ke ji. Wanda bai koyi taken ba ba zai ji wannan tazara ba, shi ne dalilin wahalar da na ɗora maka a baya.

A ji na biyu ka bar masu busa, ka bi Ernie Farrow mai bas, wato babban gogen nan na tsaye da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, da Lex Humphries mai ganguna. A kiɗan da ke tafiya da sauri bas yakan taka sauti ɗaya a kowane bugu kamar mai tafiya a ƙasa, kowane taki huɗu kuma ɗauri ɗaya ne. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu da tafin ƙafa, sannan ka kasa kunne ga fayafayan tagulla biyu da mai ganga ke haɗawa da ƙafarsa ta hagu, za ka ji suna cewa cak a kan biyu da huɗu. Idan za ka tafa, a nan ake tafawa. Wurin gwada wannan ƙirga shi ne Trouble in Mind, tsohon bulus na Richard M. Jones da aka fara ɗauka a faifai a 1924. Yawancin bulus ɗauri 12 ne a zagaye ɗaya, wannan kuwa 8 ne, yana kuma tafiya a hankali yadda ba za ka ɓace ba. Ka ƙirga ɗauri takwas, za ka ji an koma farko, ka sake ƙirga takwas, an sake komawa. Da zarar jikinka ya kama wannan zagaye, za ka gane cewa mai busa duk yawon da yake yi a cikin shinge yake yin sa, kuma ya san inda ƙofa take.

A ji na uku ne za ka koma kan masu busa da mai fiyano, Hugh Lawson, wanda shi ma ɗan Detroit ne. Richard Williams ne ke busa taramfet, ƙanwar begilar sojoji mai maɓallai uku, sautinta a buɗe yake da haske. Lateef kuwa yana sauya kayan busa daga kiɗa zuwa kiɗa, kuma gane wanda ya ɗauka wani sashe ne na sauraron. Saksofon ɗinsa yana da kauri da faɗi kamar muryar dattijo. Sarewarsa ta ƙarfe tana da iska a cikinta, wani lokaci har kana jin numfashinsa. Obo siririya ce mai fita ta hanci, ana busa ta da ɗan kara mai harshe biyu, kuma ba kasafai ake jin ta a jaz ba kafin shi. Lateef ya shahara da busa Trouble in Mind da ita tun yana cikin tawagar mai busa saksofon Cannonball Adderley a 1962. Sai shenai ta arewacin Indiya, wadda ita da obo da algaitarmu 'yan ɗaki ɗaya ne, dukansu da kara mai harshe biyu ake busa su. Wanda ya tsaya a hanyar fadar Sarkin Musulmi ranar hawan salla ya ji algaita tana ratsa ƙarar tambura da kakaki zai gane wannan dangi da jin farko. Bambancin da za ka lura da shi shi ne mai algaita yakan cika kumatu ya riƙa shaƙar iska ta hanci domin sauti ya tafi ba yankewa, Lateef kuwa a nan yakan yanka busarsa jimla-jimla kamar mai magana, ya bar gurbi, fiyano ko ganga su amsa masa. Ka saurari wannan amsawa da kyau, domin ita ce amshin wannan kiɗa.

Akwai wata dabara da ta taimake ni ƙwarai, wato ka ci gaba da rera taken a zuci a daidai lokacin da mai busa ya bar shi. Idan ka riƙe saurin daidai, za ka tarar duk inda ya je sautinsa yana zama a kan naka, kuma ku biyu za ku iso ƙarshen zagaye tare. Ranar da wannan ya faru gare ka a karon farko, za ka so ka maimaita faifan daga farko.

Sauran kiɗa huɗu, wato Abana da India da Utopia da You So Tender and Wistful, ka bar su sai ka saba da shidan nan. A kansu za ka yi aikin a juye: ka saurari buɗewar sau da yawa har ka ciro taken da kanka, sannan ka bi shi kamar yadda ka bi na baya.

Zan faɗi abin da nake gani rauni ne a faifan, domin kada mai karatu ya zaci kunnensa ne ya gaza. Gajartar kiɗan takan sa wani lokaci a rufe tun mai busa bai gama faɗin abin da ke bakinsa ba, kuma ba kowace ƙasa aka shiga cikinta da zurfi ɗaya ba, wasu an leƙa ne kawai aka wuce. Amma ga mai koyo wannan gajarta alheri ce, saboda taken ba ya yin nisa har a manta da shi.

Idan kuna da yawa, ku zauna ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki makaɗi ɗaya ya bi shi shi kaɗai har ƙarshen kiɗa, sannan kowa ya faɗi abin da nasa ya yi. Idan akwai mai busa sarewa ko algaita a unguwa, ku gayyace shi da girmamawa ku kunna masa Ringo Oiwake, ku roƙe shi ya gwada karin da nasa kayan, za ku ji wuraren da ya zauna daram da wuraren da ramukan sarewarsa suka ƙi.

Bayan wannan faifai, na gaba shi ne Eastern Sounds, wanda Lateef ya ɗauka a ɗakin Van Gelder a watan Satumba na 1961 tare da Barry Harris a fiyano, da Farrow da Humphries ɗin nan dai. Kiɗan farko a cikinsa da wata sarewar yumɓu ta Sin mai siffar ƙwai ya busa shi, sautukanta kaɗan ne, saboda haka taken yana kamuwa nan da nan. Daga shi sai In Nigeria, wanda ya ɗauka a Legas a 1983 lokacin yana zaune a Zariya, tare da makaɗan ƙasar nan. A kan wannan na ƙarshe ka fara da bin ganguna kafin busa, domin su ne za ka fi saurin ganewa.